Ɗan Rakiya da Waƙafinsa

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Kawu, don Allah a duba mini wannan, jibi zan kai." Takardar neman aiki ce da Turanci. Na ɗauko tabarau. Layi na farko lafiya lau, na biyu ma haka, a na uku na ci birki. Abin da ya rubuta shi ne: "Having graduated with good grades, your company is the right place for me."

Na ce, "Wa ya gama jami'ar?"

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "Ni mana, Kawu."

"To, takardarka ba haka ta faɗa ba. Cewa ta yi kamfanin ne ya gama karatu da sakamako mai kyau. Sai mu je mu yi musu barka."

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, kuma a shekarun da na yi ina koyar da Turanci ina gyara rubutun mutane, na lura wannan kuskure na masu ƙoƙari ne. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba gajerun jimloli yake yi, ya tsira. Wanda yake faɗawa ramin shi ne wanda ya fara karanta jarida da littattafai, kunnensa ya saba da jimlar da ke buɗewa da "Having" ko "Walking", ya ji ta yi masa daɗi, ya ɗauko salon ya bar sharaɗinsa a can.

Malaman Turanci suna kiran irin wannan kalma participle. Sunan daga harshen Latin ya fito, yana nufin abin da ke da rabo a gida biyu, domin aikatau ne aka sa masa rigar sifa. Iri biyu ne. Akwai mai ƙarewa da -ing, kamar running da carrying, wanda ke nuna mai yin aikin. Akwai kuma mai ƙarewa da -ed, kamar cooked, tare da 'yan'uwansa masu taurin kai da ba sa bin tsari, irin su written, stolen da built, waɗanda ke nuna wanda aikin ya faɗa wa. Na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu: dafaffen ƙwai, gasasshen nama, rubutacciyar wasiƙa, karyayyun kujeru, duk shi ne. Na farkon kuwa mukan biya bukatarsa da "mai gudu", ko "yana gudu", ko "ɗauke da", ko "a zaune". Bambancin mai yi da wanda aka yi wa ba abin wasa ba ne. Saurayin da zama ya ishe shi ya ce "I am boring" ya shaida wa duniya da bakinsa cewa shi ne mai gundurar mutane. "Bored" ya so ya ce.

Idan wannan kalma ta ɗauko kayanta, wato abin da aka yi wa aikin, ko wuri, ko lokaci, sai ta zama yankin jimla: "carrying a bag of rice", "written in red ink", "having locked the shop". Wannan yanki ba shi da mai aiki na kansa, ba ya nuna lokaci da kansa, ba ya iya tsayawa shi kaɗai a matsayin jimla. A aji na daɗe da daina wahalar da yara da dogon sunansa. Nakan ce ɗan rakiya, domin aikinsa ke nan: ba shi da tafiyar kansa, wani yake rakawa. Duk rigimar waƙafi da ke tattare da shi tana warwarewa ne idan ka san wa yake rakawa.

Akwai dalilin da ya sa Bahaushe musamman yake tuntuɓe a nan, kuma ban taɓa ganin littafin Turanci da ya faɗa mana shi ba, don ba don mu aka rubuta su ba. Duba waɗannan: "Ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko." "Tana shara sai baƙi suka iso." "Suna cikin hira aka ɗauke wuta." Hausa ce tsantsa, babu mai ɗaga gira. Ba wanda zai ce ruwan ne ke tafiya kasuwa, saboda "ina" ta riga ta faɗi mai tafiyar. Ba wanda zai ce baƙin ne ke shara, saboda "tana" ta nuna mace ɗaya ce. Ɗan rakiyar Hausa da katin shaidarsa yake yawo: ina, kana, kina, yana, tana, muna, suna. Ko ina ka ajiye shi a jimla an san na waye.

Na Turanci ba shi da wannan kati. Ni "walking", ita "walking", su "walking", babu abin da ya sauya. Tun da kalmar ba ta faɗin mai ita, sai Turanci ya dogara da wurin tsayuwa: duk sunan da ya fara zuwa bayan waƙafi, shi ake rakawa. To, Bahaushe ya yi tunaninsa da Hausa, ya juya "ina tafiya" zuwa "walking", bai lura "ina" ta zube a hanya ba, sai ya rubuta "Walking to the market, the rain started." Ruwan sama ya ɗauki jaka ya nufi kasuwa. Ko "Sweeping the compound, the visitors arrived", an miƙa wa baƙi tsintsiya tun daga zaure. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta "Wearing a blue hijab, the headmaster gave my sister the prize", alhali hedimastan dattijo ne mai gemu. Wani kuma ya ce "Fried in groundnut oil, my mother served the yam." Wannan sai dai mu ce Allah ya tsare iyayenmu.

Wanda ya zauna a zaure ya karanci nahawun Larabci ya riga ya san maganar ta wata ƙofa. A babin hali an koya masa cewa kowane hali yana da sahibul hali, wanda ake bayyana yanayinsa a lokacin da aikin ke faruwa. Ɗan rakiyar Turanci kusan hali ne, abin da ake nema a wurinka kawai shi ne ka ajiye sahibinsa a kusa da shi. Su ma Turawan sun daɗe suna fama da abin a tsakaninsu. William Strunk, malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya sa shi cikin 'yan ƙa'idojin ƙaramin littafin da ya shirya wa ɗalibansa a 1918, wanda E. B. White ya sabunta a 1959. A Ingila ma H. W. Fowler ya yi dogon bayani a kansa a ƙamus ɗinsa na amfani da Turanci na 1926. Ke nan ba mu kaɗai ba ne, sai dai namu dalilin daban ne.

Gyaran hanya biyu ne, ka zaɓi wadda ta fi yi maka sauƙi. Ko dai ka kawo mai aikin ka tsayar da shi daidai bayan waƙafi: "Walking to the market, I was caught in the rain." Ko kuma ka yi yadda Hausa take yi, ka mayar wa yankin da mai aikinsa ya zama cikakke: "As I was walking to the market, the rain started." Ni na fi ba mai koyo shawarar ta biyun, don ita ce ta dace da yadda tunaninsa yake tafiya, kuma ba ta da wani ƙasƙanci. Ba dole ba ne kowace jimla ta buɗe da -ing kafin a ce ka iya Turanci.

Ɗan ƙanwata ya karɓi biro ya sake gwadawa. "Having graduated with good grades, my dream is to work in your company." Ya miƙo yana murmushi, yana ganin ya sa kansa a ciki.

Na ce, "Yanzu kuma burinka ne ya gama jami'a."

Wannan tarko ya fi na farko ɓoyuwa. "My" ba "I" ba ce. "My dream", "my father's car", "his application", duk sunan da ke tsaye a wurin shi ne burin, da motar, da takardar, ba mai su ba. Ɗan'uwan wannan tarko shi ne jimlar da ke ɓoye mai aiki, irin ta "an yi", "an ce", wadda ma'aikatan ofis ke ƙauna kamar me. Buɗe rahoton kowane taro za ka ci karo da "Having considered the matter, it was decided that..." Wa ya duba maganar? "It" ba ta duba komai. "Having examined the patient, drugs were prescribed": magunguna sun duba majinyaci. A rubuta "the committee decided", a rubuta "the doctor prescribed", magana ta miƙe, har ma an san wanda za a tambaya idan abu ya lalace. Wani lokaci ina zargin wannan ɗin ne ake gudu.

Kada kuma wani ya ɗauki jan biro ya shiga farautar kowane -ing da ya gani a farkon jimla. Akwai waɗanda tsawon amfani ya 'yanta su, suka daina raka kowa: considering, judging by, generally speaking, assuming, regarding, given, following. "Judging by the clouds, it will rain tonight" daidai ce, ba mai tambayar wa ke yin hukuncin. Kuma manyan marubuta sun yi saken. A wasan Hamlet na Shakespeare, inda fatalwar sarki ke ba da labarin yadda aka ce ya mutu yana barci a lambu maciji ya sare shi, idan aka bi nahawu sau da ƙafa macijin ne ke barcin. Shekara ɗari huɗu ana kallon wasan ba wanda ya ruɗe. Amma kai ba Shakespeare ba ne, kuma mai duba takardar WAEC ko NECO yana da wani kaso na maki da ya keɓe don tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko na alamar rubutu ke ɗan gutsirar rabonka. Manajan da ke da takardu ɗari a gabansa ma dalilin ajiye taka yake nema.

Waƙafin ɗan rakiyar da ya zo a farkon jimla ba ya bukatar dogon tunani: a sa shi kullum, daidai inda yankin ya ƙare. "Tired of waiting, she went home." "Built in the fifteenth century, the house is now a museum." Sai dai akwai wasu biyu masu kama da shi da ba shi ba ne, kuma a nan ne masu sabon ilmi ke zuba waƙafi inda bai kamata ba. Na farko: "Reading newspapers every morning improves your English." A nan "reading" ba rakiya yake yi ba, suna ne, kamar "karatu" a Hausa, shi ne ma mai aikin jimlar. Idan ka sa waƙafi bayan "morning" ka raba mai aiki da aikinsa, kamar ka rubuta "Karatun jarida, yana gyara Turanci." Gwajin mai sauƙi ne: rufe yankin da yatsa. In abin da ya rage cikakkiyar jimla ce, ɗan rakiya ne, sa waƙafi. In abin da ya rage gurgu ne, kamar "improves your English", to ka cire ƙashin bayan jimlar ne, kada ka sa. Na biyun shi ne jimlar da aka juya ta baibai: "Standing at the gate was an old man." Rufe yankin, sai ka ga "was an old man" kaɗai. Babu waƙafi.

Inda abin ya fi daɗin tattaunawa shi ne tsakiyar jimla, domin a nan waƙafi ba ado ba ne, ma'ana yake sauyawa. Kwatanta waɗannan biyu. "Students arriving late will be punished." Da kuma: "The students, arriving late, were punished." A ta farko, "arriving late" ita ce ke tsamo waɗanda ake nufi daga cikin taro. Ba duk ɗalibai za a hukunta ba, masu makara kaɗai. Cire yankin, ka hukunta makaranta gaba ɗaya. Saboda haka ba a raba shi da sunansa da komai. A ta biyu kuwa an riga an san ɗaliban da ake magana a kansu, dukkansu sun makara, yankin ƙarin bayani ne kawai, ko ka ce dalili. Cire shi, ɗaliban suna nan yadda suke. Shi ya sa aka killace shi da waƙafi gaba da baya.

Tambayar da nake sa yara su yi ita ce "wanne?" Idan ɗan rakiyar yana amsa "wanne?" ko "waɗanne?", to ba a sa waƙafi. "The man wearing a red cap is my uncle." Wane mutum? Mai jar hula. In ba hular, ba mu san wanda kake nunawa ba. Amma "My father, wearing a red cap, sat in front." Ba mai tambayar wane uba, ɗaya gare ka, hular labari ce kawai. Daga nan za ka gane abin da ya sa sunan yanka da sunan gari kusan kullum suke jawo waƙafi: "Kano, founded many centuries ago, remains a centre of trade." Kano ɗaya ce, ba a bukatar tsamo ta daga cikin wasu.

Ka yi tunanin sanarwar banki ko ta makaranta da aka sa wa waƙafi bisa kuskure: "Customers, owing the bank, should report on Monday." Marubucin masu bashi yake nufi, amma ya mayar da kowa mai bashi. Irin wannan a takardar yarjejeniya ko dokar ƙungiya rigima yake haifarwa.

Kuma waƙafin tsakiya takalmi ne, ƙafa biyu yake zuwa. Ko ka sa duka biyun ko ka bar duka. Kuskuren da na fi gani a rubutun manya ma shi ne a buɗe a manta rufewa: "The principal, holding a cane entered the class." Ko a rufe abin da ba a buɗe ba: "The principal holding a cane, entered the class." Duka biyun ɗingishi suke yi.

A nan zan ɗan karkata, domin akwai wata koyarwa da ta yi mana illa tun daga firamare: wai waƙafi shi ne inda ake numfasawa. Ita ce ta sa mutane ke yayyafa shi kamar gishiri duk inda jimla ta yi tsawo, su hana shi inda ta gajarta ko da ma'ana na bukatarsa. Kalmar waƙafi daga Larabci muka aro ta, asalinta tsayawa, don haka ba mamaki aka fahimce ta haka. Amma ko a can inda muka fara saninta, a karatun Alƙur'ani, duk wanda ya yi tajwidi ya san ba ƙarewar numfashi ce ke zaɓar wurin tsayawa ba. Malamai sun rarraba waƙafi, akwai cikakke, akwai mai kyau, akwai mummuna da ke ɓata ma'ana, kuma mizanin duka shi ne ma'ana. Wanda numfashi ya ƙare masa a wurin da bai dace ba komawa baya yake yi ya haɗa. Sunan alamar a Turanci kuwa daga Girkanci ya samo asali, yana nufin guntun da aka yanke, kuma siffarta da muke gani yau ta zauna ne a maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Venice ta Italiya, a ƙarshen ƙarni na 15. Yanka ne, ba numfashi ba. Abin tambaya kullum shi ne: wannan guntun, a yanke shi gefe ko a bar shi manne?

Saura ƙarshen jimla, wanda shi ne gidan 'yan jarida. Ga jimla: "The police chased the thief carrying a gun." Wa ke riƙe da bindigar? Babu waƙafi, don haka ɗan rakiyar ya manne wa sunan da ke dab da shi: ɓarawon. Sa waƙafi bayan "thief", sai ya tsallake ɓarawon ya koma kan masu aikin jimlar, 'yan sanda. Da Hausa wannan matsala ba ta tasowa sam: "sun bi ɓarawo yana ɗauke da bindiga", ko "sun bi ɓarawo suna ɗauke da bindiga". Aikin da "yana" da "suna" suke yi mana, ɗigon waƙafi ɗaya ne ke yi wa Bature. Idan na faɗi wannan a aji nakan ga idanu sun buɗe, don a lokacin ne suke yarda cewa alamar tana ɗauke da kaya. Duk da haka, in magana ce mai nauyi, kamar rahoton kotu, kada ka rataya ran mutum a kan waƙafi ɗaya da mai buga takarda zai iya mantawa. Sake gina jimlar: "Carrying guns, the police chased the thief", ko "the thief, who was carrying a gun".

Ɗauki kowace jaridar Turanci ta ƙasar nan ka ƙirga "adding that", "stressing that", "noting that" a shafi ɗaya. "The commissioner denied the report, adding that the workers had been paid." Wannan waƙafi wajibi ne, in ba haka ba rahoton ne ke ƙarin bayani ba kwamishina ba. Haka nan yankin da ke faɗin sakamako: "The river overflowed, destroying many farms." Nan ma ana sa shi. Abin da ba na so a salon shi ne jerin gwano, a ce adding, a ce stressing, a ce noting, a ce maintaining, duk a jimla ɗaya, har mai karatu ya manta wa ke magana. Ɗan rakiya ɗaya ya isa, biyu an haƙura, uku ya zama gayya. Sa aya ka buɗe sabuwar jimla.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ba ta waƙafi ba ce amma tare suke tafiya. Siffar -ing zalla tana nuna ayyukan biyu a lokaci guda suke faruwa, ko dab da juna. "Locking the shop, he drove to Zaria" tana nuna yana kulle shago yana tuƙi, sai ka ce hannunsa ya kai tsawon hanyar. In ɗaya ya ƙare kafin ɗayan ya fara, "having" ake kira: "Having locked the shop, he drove to Zaria." Daidai take da "da ya kulle shagon" ko "bayan ya kulle". A kula kuma, abin da ke bin "having" shi ne "been", ba "being" ba. A bakinmu kalmomin biyu kusan sauti ɗaya ne, shi ya sa "having being informed" ta cika takardun ofis. "Having been informed" ake rubutawa.

Wani zai ce, ashe babu halin da ɗan rakiya zai zo da nasa mutumin? Akwai. "The rain having stopped, we continued the journey." "Her eyes filled with tears, the bride entered the car." A nan yankin ya zo da sunansa a gaba, ruwan da idanun, don haka ba ya neman aro a wurin kowa, waƙafi kawai yake bukata ya raba shi da gundarin jimlar. Shi ne ya fi kusa da tsarin Hausa, sai dai tsohon yayi ne, ya fi zama a adabi da harshen shari'a. Mafi shahararsa yana cikin kundin tsarin mulkin Amurka, a gyara na biyu da aka tabbatar a 1791, mai magana a kan riƙe makami. Jimla ce guda, ta buɗe da irin wannan yanki da "being" a cikinsa, yana cewa rundunar sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa mai 'yanci, sannan gundarin jimlar ya ce ba za a tauye haƙƙin mutane na mallakar makami ba. Kwafe-kwafen wancan zamani ma ba su daidaita a kan yawan waƙafin ba, wani uku, wani ɗaya. Shin yankin farkon ya taƙaita haƙƙin ga 'yan rundunar ne, ko share fage ne kawai? Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli a shari'ar Heller a 2008, har masana harshe suka shigar da nasu bayanin a kan nahawun jimlar, alƙalai biyar suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, huɗu suka saɓa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya gane wannan salo in ya gan shi, amma kada ya yi gaggawar kwaikwayonsa.

Hanyar horar da ido ba ta bukatar sayen littafi. Nemi tsohuwar jarida da fensir. Duk inda ka ga yankin -ing ko -ed, zagaye shi, ka ja kibiya zuwa sunan da yake rakawa. In kibiyar ta rasa inda za ta sauka, ka kama marubucin. In ta sauka, duba waƙafin ka tambayi kanka me ya sa yake nan ko me ya sa babu shi. Bayan mako biyu ka juya fensirin kan naka rubutun. Wata dabarar kuma, wadda Bature ba shi da ita, ita ce ka fassara jimlarka zuwa Hausa a zuci. Hausa za ta tilasta maka zaɓar yana, ko tana, ko suna, ko ina, kuma da zarar ka zaɓa ka san mai aikin. Sai ka duba ko shi ne ke tsaye bayan waƙafi a Turancin.

Haka muka yi da ɗan ƙanwata. Ya ce a Hausa, "Da yake na gama da sakamako mai kyau, ina ganin zan amfani kamfaninku." Na ce, "Wa ke gani?" Ya ce, "Ni." Ya rubuta: "Having graduated with good grades, I believe I can be useful to your company." Muka gangara ƙasan takardar, inda ya rufe da "Hoping to hear from you soon." Ɗan rakiya ne tsaye shi kaɗai da aya a bayansa, babu wanda yake rakawa. A wasiƙar aboki ba mai damuwa, al'ada ta halatta. A takardar neman aiki na ce ya mayar da ita "I hope to hear from you soon." Ya gyara, ya ninke takardar, ya tashi zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, to ita 'Yours faithfully' ɗin fa, da waƙafi ko babu?" Na ce ya duba yadda ya yi wa "Dear Sir" a sama: in ya sa a can ya sa a nan, in bai sa ba ya bar duka.